Lahadin da Kelepi Ya Shiga Fili

Kelepi Vaikeli yana ɗan shekara goma sha biyar aka turo shi daga tsibirin Tonga zuwa gidan kawunsa a West Valley ta Amurka, layi ɗaya da gidanmu. Wasan ƙwallon ragbi kawai ya sani, shi ma ba takalmi. Kocin ƙwallon Amurka na sakandarenmu ya gan shi yana sauke firiji daga mota shi kaɗai. Washegari aka kifa masa hular kwano, aka sa shi a sahun gaba, cikin ƙartin da ke tare hanya kada a taɓa mai jefa ƙwallo.

Tare muka yi jami'a, muna buga mata ƙwallo. Ni gwiwata ta tafi a shekara ta biyu, na huta. Tasa kaɗan-kaɗan ta riƙa tafiya.

Da manyan kulob suka yi zaɓen sababbin 'yan wasa, ba a kira sunansa ba. Sai aka ɗauke shi cikin 'yan atisaye, waɗanda ake gwada ƙarfi a kansu tsakiyar mako, ranar wasa kuma su tsaya a gefe da kayan gida. Shekara shida, gari biyar. Ko'ina sallamar iri ɗaya ce: "Koci na son ganinka, ka taho da littafin dabaru." Matarsa Lesieli ta daina kwance akwatuna. Tukunyar da take dafa masa gwaza da naman gwangwani kaɗai take fitarwa.

A shekara ta biyar, wata Alhamis, yayarsa Sela ta bugo daga Tonga cewa mahaifinsu ya rasu. Ranar Juma'a yana neman jirgi, koci ya kira shi. Mutum biyu sun ji rauni, Lahadi zai sa riga ya shiga fili.

Da ya buga gida ya faɗa musu, Sela ta ce, "Kai ne babban namiji. Wa zai tsaya a kan kabarin?"

Mahaifiyarsu ta karɓi wayar ta ce, "Ɗana, shekara nawa ubanka yana gaya wa 'yan coci za su gan ka a talabijin, har sun fara yi masa dariya. Ka tsaya."

Ya tsaya. Ina cikin 'yan kallo, can sama inda iska ke yankan kunne. Sau huɗu aka sa shi, duka bai kai minti ɗaya ba. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ranar Talata masu raunin suka warke, aka ce ya taho da littafin. A lokacin an riga an binne tsohon.

Ya ƙara shekara guda a wani gari, sannan suka dawo. Sai ya riƙe ƙarfe yake hawa bene. Muna zaune a garejin kawunsa wani kulob na Kanada ya bugo. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe, amma a'a."

Na ce, "Mutumina, ko Kanada ce ai fili fili ne. Ko sanyi kake tsoro, ƙato kamarka?"

Ya ce, "Na gaji, ɗan'uwa. Ba gwiwar ba ma. Jiran waya ne ya ishe ni."

A ranar Lesieli ta kwance kayansu duka. Da yamma na ga ta fitar da kwalayen da babu komai ciki bakin titi.

Yanzu tare muke lodin kaya a filin jirgi. Ba ya magana da yawa. Sela ta yi shekara biyu ba ta ɗaga wayarsa, bana ta fara amsawa. Ya nemi hutu a watan Yuni zai je ya ga kabarin, har yanzu shugaban sashenmu bai sa hannu ba.