Turancin Inna Hajaratu

Inna Hajaratu ungozoma ce a Mabai, ba ta taɓa zama a aji ba. Idan haihuwa ta gagare ta, ita ke raka mace asibitin gari. Likitar da ke can mutuniyar Kudu ce, ba ta jin Hausa, kuma tambayarta ba ta sauyawa: yaushe abin ya fara, ta yaya ya fara?

Wata shekara Inna ta raka Mero, mai cikin fari. Wanda ya tsaya tafinta ranar wan mijin Mero ne. Wa zai yi zancen jini a gabansa? Mero ta sunkuyar da kai ta ce, "Yanzun nan ne." Ita ma Inna nauyin bakin ya kama ta. Aka ce su bi layi. Mero ba ta dawo gida da rai ba. Ɗiyar da ta bari tana hannun kakarta.

Bayan sadakar bakwai, Inna ta sami Malama Khairiyya mai koyarwa a firamare.

"Inna, Turanci da furfurar nan?"

"Ba duka nake so ba, ɗiyata. Na farawa kaɗai za ki ba ni. Ya fara jiya. Ya fara a hankali. Ya zo kwatsam. Sauran ku riƙe abinku."

Tana surfe tana maimaitawa. Ruwa ya sauko, ta faɗi yadda ya fara. Akuya ta soma tari, ta faɗi tun yaushe. Mata a bakin rijiya suka sa mata Baturiya.

"Ku dai yi ciki," in ji ta, "za ku neme ni."

Bara ta raka Bilkisu, ita ma cikin fari. Baffan mijin, Malam Gide, ya matso zai yi tafinta.

"Malam, jira mu a waje."

"Ke za ki ji da likita?"

"Ni."

Da ya fita, Bilkisu ta raɗa mata a kunne. Inna ta juya, ta jera kalmominta ɗaya bayan ɗaya, harshe na sarƙewa: ciwo ya fara shekaranjiya, a hankali, jini ya ɓalle da asuba, kwatsam. Likita ta aje biro, ta ƙwala wa ma'aikata kira. Ba wanda ya yi zancen layi.

Can bayan la'asar likitar ta fito ta faɗi wata kalma da Inna ba ta sani ba. Inna ta duba fuskar likitar, ta ga murmushi, sannan ta zauna.

Washegarin suna ta yi sallama a gidan Malama.

"To, ɗiyata. Yaya suke cewa ya tsaya?"