Tarihin Dakta Muhsinu Bukar, Wanda Ya Toshe Hanyar Ruwan Mahaifinsa

Haihuwa da Asali

An haifi Dakta Muhsinu Bukar a shekarar 1962, a ƙauyen Fannari da ke bakin Komadugu, gabas da garin Difa. Mahaifinsa Bukar Kalli manomi ne, mahaifiyarsa Falmata, kuma shi ne na biyu a ɗakinta, bayan wansa Gambo. Bari kuma a faɗa tun farko don kada a tauye haƙƙin kowa: kafin malaman lakwal, wato makarantar boko, kafin manyan Yamai, mutumin da ya fara ganin abin da ke cikin yaron nan shi ne mai ba da wannan tarihi, Grema mai fito, wanda bai taɓa zama kan benci ba, wanda yunwar 1973 da ta 1984 da tashin hankalin 2015 duk suka zo suka wuce suka bar shi tsaye. Shi ya gan shi, yana yaro ƙarami, yana kafa kara a bakin ruwa, washegari ya dawo ya duba inda ruwa ya kai, ya ce, "Baba Grema, sama ta ɗauke, to wannan da ke ƙaruwa daga ina yake?" A ranar Grema ya shaida wa Bukar cewa wannan ba na gona ba ne.

Karatu

A shekarar 1969 aka sa shi lakwal a Difa, daga nan ya wuce lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, inda ya kammala a 1982. Ya yi jami'a a Yamai, ya ƙaro ilimin ruwa a Wagadugu, sannan a 1996 ya samu digirin dakta a ƙasar Faransa, bisa binciken da ya yi a kan Komadugu kanta, ba wani kogin Turawa ba.

Yana tsakiyar karatu farin 1984 ya afka wa ƙasar. A wannan shekara mahaifinsa ya tara jama'a suka yanka gaɓar kogi, suka haƙa hanya zuwa tabkin da ke bayan gari, domin ɗan ruwan da ya zo ya shiga ya kwanta a yi noman tattasai da shi. Hanyar ta ceci Fannari, aka sa mata suna Hanyar Bukar. Daga nan ta zama al'ada: duk shekara in sabon ruwa ya iso, babba a gidan Bukar ne ke buɗe bakinta da fartanyar Bukar, kuma ba mai rufe ta sai kogi ya janye da kansa, domin a wurinsu rufe ta mayar da kyautar Allah ne.

Aiki da Bincike

Ya kama aiki a ma'aikatar ruwa ta Difa a 1988. Ya kafa sandunan awo a gaɓar kogi tun daga wajen Maine har kusa da Boso, ƙarfin gudun ruwa kuwa a cikin jirgin Grema ya riƙa auna shi, da wata 'yar farfela da ake zurawa da igiya. Wani jirgi bai taɓa ɗaukar wannan na'ura ba, a tambaya. Mutane na wucewa suna tsokana: "Dakta, yau kifi nawa ƙarfen naka ya kama?" Shi dai sai murmushi.

Abin da ya tabbatar cikin waɗannan shekaru shi ne, ruwan Komadugu ba na samaniyar Difa ba ne. Daga duwatsun Jos da ƙasar Kano yake tasowa, ya yi watanni a hanya, shi ya sa yake cika bayan damina ta wuce. Ya kuma nuna cewa tun bayan fari an sare itatuwa, ƙasa ta daina shan ruwa, yashi ya cike cikin kogi, don haka ruwan da a da yake wucewa salin-alin wata rana zai haura gaɓa. Ya gabatar da wannan a taruka a Yamai da Injamena, ɗalibai da dama sun yi digiri a ƙarƙashinsa.

Aure da Iyali

A 1991 ya auri Rukaiya, 'yar Alhaji Mahamadu, ɗan kasuwa Badamagare mai shago a kasuwar Difa. Da farko Alhaji ya yi jinkiri, yana cewa bai ga sana'a a auna abin da ba a sayarwa ba, daga baya ya zama ba ya da hira sai ta surukinsa. Mahaifinsa Bukar ya rasu a 2003, fartanyar buɗe hanya ta koma hannun Gambo.

Shekarar 2019

Bayan shekarun rashin tsaro, lokacin da aka bar gonaki kuma cinikin tattasai ya tsaya, a 2019 mutanen Fannari suka dawo da ƙarfinsu, Gambo ya buɗe hanya kamar kullum. A watan Satumba abokan aikin Dakta da ke Gashuwa suka sanar da shi tsayin ruwan da ya wuce ta wurinsu. Ya lissafa, ya ga cewa in ruwan nan ya iso ya tarar da Hanyar Bukar a buɗe, tabki zai tumbatsa ya ci garin ta baya, inda ba gaɓa. Ya kuma san cewa in aka toshe tun tabki bai cika ba, ruwan ban tattasai ba zai kai girbi ba.

Ya tafi Fannari ya faɗa a gaban maigari. Gambo ya miƙe ya ce, "Muhsinu, dubi sama, ko ɗigo babu. Da tattasan hanyar nan aka yi maka kayan tafiya Faransa, yau kai za ka rufe wa Baba baki?" Dakta ya amsa, "Ya Gambo, Baba ya haƙa ta ne don mu rayu. In aka toshe, ruwan kuma bai zo ba, na yarda kada a binne ni kusa da shi." A Fannari kuwa ba a wasa da irin wannan magana. Maigari ya ba da izini, Gambo ya shige gida ya rufe ƙofa. Buhun yashi na farko kuwa, Grema ne ya jefa shi, da tsufansa.

Makonni suka shuɗe ruwa na hawa a hankali, ana yi masa habaici a kasuwa. Sai a watan Oktoba kogi ya zo da abin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ya kai leɓen buhunan, ya tsaya yana lasa, bai shiga ba. Ƙauyuka da dama a kwarin sun kwashe kaya a ka, Fannari ko katanga ba ta faɗi ba. Amma maganarsa ta biyu ma ta tabbata: tabki ya ƙafe da wuri, tattasan Gambo fiye da rabi ya bushe a tsaye. Gambo bai ce Dakta ya yi ƙarya ba, bai kuma sake taka gidansa ba. A shekarun da suka biyo Dakta ya tsaya aka sa wa hanyar ƙofar ƙarfe mai buɗewa da rufewa, ya aika wa wansa mabuɗin, Gambo ya karɓa.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2022. Allah ya yi masa rasuwa a Difa a watan Maris na 2024, bayan jinyar ciwon hanta, yana da shekara sittin da biyu. Manyan ma'aikata sun so a binne shi a birni. Sai ga Gambo ya iso da sandarsa, ya ce, "Ku ba ni ƙanena. Ruwa ya zo, wurinsa na nan." Aka kai shi Fannari, Gambo ya nuna inda za a haƙa, dab da Bukar, ya kuma shiga kabarin da kansa ya karɓe shi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna makoma.

Ya bar matarsa Hajiya Rukaiya da 'ya'ya huɗu: Lurwanu, injiniya a Yamai, Safara'u, ungozoma a Difa, Ummi, malamar lakwal, da Mansur, wanda ke karatun ruwa.

Wanda duk ya ce an ƙara gishiri a wannan tarihi, hanyar Fannari ba ta ɓata ba. Ya je maƙabarta ya ga kaburbura biyu kafaɗa da kafaɗa, ya tambayi Gambo wa ya nuna wurin. In ya dawo yana da sauran musu, Grema na nan bakin ruwa, ya zo ya faɗa masa ido da ido.