Zalɓe, Mai Askin da Ya Koya Mana Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

Ranar Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi, ƙaninka ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, sai haƙuri, Zalɓe ya cika." Allah ne Ya ba mu kai, kuma gare Shi ka koma, inda duk za mu koma. Ina zaune a bakin gado a lokacin, ƙwayar maganin sukari na tafin hannuna, kuma na daɗe ina kallonta kafin na iya haɗiyewa.

Mutanen layinmu da mai aski suka san ka. Mu masu ciwon sukari da ke haɗuwa a saman benen shagonka, mu muka laƙaba maka Zalɓe, saboda yadda kake naɗe ƙafa ɗaya ka ɗora a cinya, ka haɗa tafuka a saman kai, ka tsaya cak, mu kuwa muna ta tangaɗi muna neman bango.

Ranar da likita ya gaya mini ina da sukari, daga asibiti shagonka na nufa. Ni direban babbar mota ne, ban saba a ce mini ci wannan, bar wancan ba. Na faɗa kujera na ce ka yi mini askin ƙarshe, tawa ta ƙare. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Shekara da shekaru nake tare da shi, ka ga na mutu?" Ka ƙi taɓa kaina sai da na yi alkawarin hawa bene bayan la'asar. Na hau ina huci, na tarar da dattawa da tumbinsu a kan tabarmi suna miƙa suna jan numfashi. Na ce wannan wane irin wasan yara ne? Ka ce sunansa yoga, a waya ka koya, in cire takalmi in daina surutu.

Ba ka taɓa yaudarar mu ba. Kullum sai ka tambayi kowa ko ya sha maganinsa, wanda bai sha ba ka kora shi gida ya sha ya dawo. Kana cewa yoga taimako ne kawai, ba ya ɗauke wa mutum magani. Aljihunka ba ya rabo da alewa saboda wanda sukarinsa zai faɗi, kuma ni kaina ka taɓa cusa mini ita a baki ranar da gumi ya keto mini idona ya rufe. A hannunka tumbina ya ragu, barci ya dawo mini, na rage faɗa da iyalina. Mun ɗauke ka hujja. Muddin Zalɓe na tsaye, ciwon nan abin zama da shi ne.

Simintin benen nan wuni yake yana shan rana, ko bayan la'asar yana da zafi. Mu ba ma iya sauka daga tabarma. Kai kuwa sai ka bar wa baƙo taka, ka tsaya a kan siminti ƙafa ba takalmi, fuskarka ko gezau. Mun yi ta yabonka, muna cewa wannan ita ce juriya, mutum ya kai inda zafi ba ya damunsa. Kai ma ka yarda da hakan, har kana yi mana tsiya cewa tafin ƙafarmu na jarirai ne.

Ashe ba juriya ba ce. Mai ɗakinka ce ta ga jini a safarka wajen wanki, ta matsa sai ta duba, ta tarar tafin ya ƙone, ya yi ruwa, ya fashe, har ya fara wari. A asibiti likita ya ce ka rufe ido, ya taɓa yatsunka ɗaya bayan ɗaya, ba ka ji ko ɗaya ba. Ya ce sukari ya daɗe da kashe jijiyoyin ƙafar, kuma ba laifin motsa jikin ba ne, laifin tsayuwa a zafi ba takalmi ne. Aka yanke yatsu, aka dawo aka yanke ƙasan gwiwa, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Da na zo duba ka, ka kalli inda zanen gado ya lotsa ka ce, "Direba, yanzu kam na zama zalɓen gaske." Na so in yi dariya don in faranta maka, na kasa.

Ciwon nan munafuki ne, kuma ina jin haushinsa har cikin raina. Mutumin da ya fi mu kiyayewa, ya fi mu shan magani a kan lokaci, shi ya fara ɗauka, ta wurin da muke tafa masa. Likita ya ce mu ci gaba da yoga a inuwa, mu riƙa duba ƙafa kullum. Na san gaskiya ya faɗa. Amma tun da ka kwanta babu wanda ya sake hawa benen, kuma da suka ce ni in ja su, na rasa da wane baki zan gaya musu za a ga daidai.

Yanzu matata ce ke gwada ni kamar yadda aka gwada ka. Jiya ta ce in rufe ido, ta tambaye ni wane yatsa ta taɓa. Na ce babban. Ta rufe mini ƙafar, ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Allah Ya jiƙan ka, Zalɓe. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanya ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinka, Ya tsayar da kai a kan ƙafafunka biyu a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta ga abin da mu duka muka kasa gani, da 'ya'yanka, da ƙaninka. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya zama gatanku. Mu kuma da ke biye da kai, Allah Ya sa mu cika da imani.