Zinariyar da Parvan Bai Wanke Ba

Tabon da ke girar Parvan ta hagu ni na yi masa shi da ludayin ƙarfe, kuma har yau ban ce na yi nadama ba. Sati biyu da binne matarsa na shiga in gyara masa gida, don ƙanen mijina ne, gidan kuma ya fara warin akurki. A ƙarƙashin gado na tarar da kwalayen ashana jere, kowanne da auduga, a kan kowace auduga an ɗora kwabo ɗaya na mutanen zamanin da, duk sun yi kore shar da tsatsa. Na juye wajen talatin a kwano, na zuba toka da ruwan tsami, na dirje su har suna ɗaukar ido.

Ya shigo ya gani. Ya ɗauki kwanon ya jefe ni da shi, ya wuce ta kunnena ya fasa taga.

"Amarya, kin kashe ni," in ji shi. Shekara arba'in ina gidan yayansa, bai taɓa kirana da wani suna ba. "Shekara dubu biyu ƙasa tana ɗinka musu rigar nan, ke kin tuɓe ta kafin miya ta tafasa."

"Riga? Dauɗa dai. Kai da kwabbanka jirgi ɗaya ya kwaso ku, ba mai son ruwa."

Ya shaƙo wuyan rigata, ni kuwa ludayi na hannuna. Ɗinki huɗu aka yi masa.

Direban tarakta ne tun yana saurayi, lokacin da gonaki suke hannun gwamnati. In ya gama huɗar kaka aka samu ruwan farko, sai ya koma ya bi kunya-kunya da ƙafa, kansa a sunkuye kamar kaza mai neman tsaba. Ƙasarmu ta bakin kogin Danube haka take, ka tona ramin shuka albasa ka ci karo da fuskar wani sarkin Rum. Kowa ya tsinta ya ba yara su yi wasa. Shi kaɗai yake adanawa, kuma bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Yana da wani littafin 'yan gwanjo na Munich mai hotuna, da shi yake gane sunayen sarakunan. In ya sha kofi biyu na rakiya, barasar ƙasarmu, sai ya fara lissafa mana garuruwan masu wannan hauka, Munich ce uwa, sai Viyana da Landan, Zurich kuma ta masu ɓoye abinsu. Wai duk kwabon da aka tono a nan, a Sofiya, babban birninmu, yake yini, a Munich yake kwana.

"Kwabo ya fi ka zuciya," nake ce masa. "Kai ko garin Vidin da ke nan kusa sai an ja ka da igiya."

Da mulki ya sauya aka mayar wa kowa gonarsa, sai ya sayi tsohuwar taraktarsa yana yi wa mutane huɗa. A lokacin ne masu tono suka shigo mana, da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe, da katafila a bayansu. Ubangidansu Gencho, tsohon ɗan kokawa, wuya kamar na bijimi. Mun ga aikinsu a kan Yordan mai gonar inabi. Ya yi ɓaɓatu a mashaya cewa fartanyarsa ta taɓa wani tulun mutanen zamanin da a binne. Washegari katafila ta shiga inabin da kakansa ya dasa. Ya tsaya a gabanta, suka sa masa bututun ƙarfe har idonsa ɗaya ya tsiyaye, suka rataye karensa a ƙofar gida. Wanda ya kamata a kai wa ƙara, shi ma da tasa na'urar a bayan mota. Tun daga ranar kowa ya gane, gonar da aka ambaci sunanta ta tashi daga gona, mai ita kuma sai abin da ya rage.

Kakar da ta biyo baya Parvan ya huɗe gonaki goma sha tara, har da tawa. A ɗaya daga ciki ya tsinci zinariya. Ya nuna min ita a tafin hannunsa, 'yar ƙarama, da jar ƙasa maƙale a tsakanin rubutun.

"A gonar wa?"

"Ba ruwanki."

"To wanke ta ka ɓoye."

"Ke da wanki. Ba a taɓa musu jiki."

Ya duba littafinsa shafi-shafi, babu wannan sarki. Abin ya hana shi cin abinci. Ran Lahadi ya hau jirgin ƙasa ya tafi Sofiya, inda masu tara tsofaffin kuɗi suke haɗuwa, don kawai a faɗa masa suna. Ya kai ta yadda ya tsince ta. Su kuwa mutanen can ba sarkin suka kalla ba, ƙasar suka kalla. Abin gado ba ya zuwa da ɗanyar ƙasa, zinariya kuma ba ta kwana ita kaɗai a rami.

Kwana uku labari ya kai kunnen masu tono, suka iso da hantsi, ranar da gari ya watse zuwa tsinkar inabi. Ina shanya barkono a jikin shingen da ya raba gidana da nasa na ga Gencho da mutum biyu sun fito da shi tsakar gida. Ya riga ya ba su zinariyar, ya ba su kwalayen duka.

"Bai Parvan," in ji Gencho, yadda ake kiran dattijo a wajenmu, da ladabi kamar mai neman aure, "ba tsaba muka zo nema ba, rumbun muke so. Gonar wa?"

"Na tsufa, ɗana. Gonaki duk kama suke min."

Suka ɗora hannunsa a kan kututturen faskare. Gencho ya juya gatari ta ƙeya, ya sauke a kan yatsan farko. Ƙarar kamar an taka gyaɗa.

Na tsallaka shinge da fartanya, na samu ɗayansu a kafaɗa. Ya juyo ya mare ni, haƙorina biyu suka zube, ya taka min wuya da takalmi. Daga nan ƙasa na ga sauran. Yatsa ɗaya, tambaya ɗaya.

"Ka tuna yanzu?"

"Na tuna uwarka," in ji Parvan. "Ita ma ba ta iya riƙe gatari ba."

Da suka gama da hannun dama suka koma na hagu. A na takwas ya suma. Suka watsa masa ruwan kwatami, ya farfaɗo, ya ce musu a cikin Danube ya tsince ta, su je su kwashe ruwan. Daga nan suka bar tambaya suka koma shuri, a ciki da haƙarƙari, har sai da suka ji motar masu inabi tana hawowa.

A asibitin Vidin suka naɗe masa hannuwa, suka ce abin da ya fashe a ciki ba na ɗinki ba ne. Na dawo da shi gidana. Kwana tara ina ba shi romo da cokali yana cewa gishiri ya yi yawa. Sauran masu gonakin nan da ya huɗe duk sun zo gaishe shi, kowa ya zauna a bakin gado yana kallon ƙasa, ba wanda ya yi tambaya. Katafila tana ajiye a bakin gari, ba ta san inda za ta nufa ba.

Rana ta tara da safe ya kira ni.

"Amarya, matso. Abin nan bai kamata ya ɓace ba. Wata rana za a yi mutanen kirki masu tono da hankali. Bari in faɗa miki gonar."

Na ajiye cokali na toshe masa baki da tafin hannuna.

"Rufe min baki, Parvan. Kai yatsu takwas aka farfasa maka ba ka faɗa ba. Ni kuwa yatsa ɗaya za a murɗe min in faɗa, har in yi musu rakiya in nuna musu kunyar. Tafi da abinka."