Maiƙon da ke Jininmu, Ni da Hassan

Wata bakwai ba ku gan ni a bakin jirgi ba. Ciwo ya ci uku, sauran huɗun kunya ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura.

Ni ne Usaini, abokin tagwaitakar Hassan. Kujerar ɗaukar mutane muke ɗauka daga unguwar Comércio da ke bakin teku zuwa saman gari, shi a gaba ni a baya. Ana son mu saboda tsayinmu ɗaya, kujera ba ta karkacewa.

Bara Hassan ya fara tsayawa a tsakiyar hawa yana dafe ƙirji. Wasu ƙullutai rawaya suka fito masa a fatar ido. Shi mai son ƙosan manja ne, ni kuwa ba na taɓa maiƙo, har alfahari nake yi. A gaban 'yan dako na ce, "Cikinka ne ciwonka. Ku duba, manja har ta ido yake tsattsafo masa." Aka kwashe da dariya. Washegari na ɗauki wani abokin aiki.

Hassan ya bar dako. Ya koma gida saƙar tabarma.

Bayan wata biyu na faɗi a hawan nan. Kamar an ɗora mini buhun sukari a ƙirji, hannun hagu ya mutu.

A asibiti kullum romo ba gishiri, likita ya kafa bututun katako a ƙirjina ya saurara. Inna ta sayar da awarwaronta aka sayi magani. Duk tarin da na yi sai in ce shi ne na ƙarshe.

Rana ta huɗu Hassan ya zo. Likita ya dube shi, ya dube ni, ya ɗage hular da nake jawowa har gira. Ƙullutan suna nan a fatar idona ni ma. Na daɗe ina ɓoye su.

Ya tsaga mana jijiya, ya tari jinin a kofi biyu. Da suka kwanta, farin maiƙo ya taso a kan kowanne. Ba ka iya cewa ga na mai cin ƙosai.

Ya tambayi Inna, "Ubansu fa?"

"Da kaya a ka ya faɗi, ko furfura bai yi ba."

"To gado ne. Abinci yana ƙara shi, amma da shi aka haife su."

Na kasa ɗaga kai. Da suka fita na ce, "Hassan, ka yafe ni."

Ya gyara mini matashi. "Ɗan Inna, ai ba a nan ka yi ba, a gaban mutane ka yi."

Alhamdulillahi, yanzu ina tafiya ba haki, sai dai dako ya ƙare mana. Na gode wa Inna, na gode wa waɗanda suka ɗauko ni daga hanya.

Shawarata: in ƙirji ya matse ka a hawa, sauke kayan, je a duba ka. In ɗan'uwanka ya kamu, kai ma je, kada ka ce halinsa ne ya ja masa. A rage maiƙo.

Ranar Juma'a da hantsi zan zo bakin jirgi in roƙi Hassan gafara da bakina. Duk wanda ya yi dariya ranar nan, don Allah ya zo ya tsaya.