Hasken da Yaya Bai Gani Ba

Jiya autata ta miƙo mini waya, wai sojojin wata ƙasa sun fitar da rahoton wani haske da suka gani a sama, sun kasa gane ko mene ne. Ina ji sai zuciyata ta yi zafi. Kar ka yi mini dariya, da furfurata nake gaya maka, tsohon kishi ne ya motsa.

Ina yaro abin ya faru, lokacin alkama ne, a gonarmu ta bakin kanal ɗin ban ruwa a Kura. Ruwa bi da bi ake sakinsa, in naka ya faɗo da dare, to da dare za ka yi ban ruwa. Kakanmu ya tura Yaya, ni kuma in riƙe masa fitila. Ko fangali uku bai cika ba ya shige buhu ya hau minshari. Ni na ci gaba, ƙafafuna a cikin laka har sun daina jin sanyi.

A cikin ruwan fangali na fara ganinsa. Na ɗaga kai, sai ga haske guda uku a jere ta wajen Bunkure, sun tsaya cak, ba ƙara ba motsi. Kwaɗi ma sun yi tsit. Kafin in gama salati sun yi sama sun ɓace.

Bayan kwana biyu motar soja ta tsaya a ƙofar dagaci. Ashe nasu mutanen ma sun gani, suna neman wanda ya kwana a gona. Kaka ya ce ai babban jikansa ne. Yaya ya ja ni bayan rumbu.

"Don Allah ƙanina, rufa mini asiri. In Kaka ya ji na yi barci, kashina ya bushe."

Na zayyana masa komai. Da ya tambayi launin hasken, sai baƙin ciki ya tokare ni, na ce ja ne. Ba ja ba ne.

Ina cikin yaran da ake kora Yaya ya harɗe a tabarma yana ba da labarina, har da nuni da hannu! Soja ya rubuta, ya ba shi hannu, ya kira shi jarumi. Kaka ya cire hularsa ya ɗora masa. Sannan ya hango ni.

"Kai kuma malalaci, na san barci ka yi ta sharɓa."

Wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Amma ƙarami ba ya ƙaryata babba a gaban baƙi, sai na haɗiye. Na yi ta cewa gobe zan gaya wa Kaka gaskiya, har Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu sama ta cika da fitilun jirage, ba mai ɗaga kai. Yaya kuwa ya tsufa da labarin, har ya yarda ya gani. Ranar sallah na ji yana rantse wa jikokinsa cewa ja ne jawur. Ni dai ina kallon hular Kaka a kansa.

Ya samu hula, ya samu suna a littafin soja. Launin nan shi kaɗai ya rage mini, kuma kai ma ba zan gaya maka ba.