Kwanon da Aka Dawo wa Umma

Wata Litinin a watan Oktoba, ina 'yar shekara tara, ba mu daɗe da tarewa a unguwar Withington ta birnin Manchester ba, inda Baba ke karatun digiri na uku, malamarmu ta rubuta boggart a allo. Ta ce tsohuwar kalma ce ta mutanen yankin, tushenta abin tsoro. Wata irin fatalwa ce mai tarewa gidan mutane ba gayyata, ta ɓoye kaya, ta lalata madara. Kafin ta rufe baki, Kelly, 'yar maƙwabtanmu, ta waiwayo ta nuna ni da fensir. Aji ya kwashe da dariya.

Daga ranar na zama boggart. Ba duka ba zagi, kuma wallahi da dukana suka yi da ya fi mini sauƙi. Daina ganina suka yi. In na yi magana su tambayi juna ko an ji motsi, in na shiga tsallen igiya su saki igiyar su watse. Ni da a Kano ba a fara 'yar gala-gala sai na fito! Burina duka bai wuce mutum ɗaya ya kira ni Hafsa ba.

Da na faɗa wa Umma sai ta ce, "Alheri danƙo ne." Ta soya waina, ta cika kwanon samira, ta kai wa uwar Kelly da kanta. Ranar Asabar da hantsi muka tarar da kwanon a bakin ƙofa, cike da ruɓaɓɓiyar madara. Nan take na gane saƙon. Umma kuwa fuskarta ta washe. "Kin gani? Sun san ba a mayar da kwano haka nan. Nonon ne bai kwanta musu ba, ba su iya ba." Ta tura ni in yi godiya. Na je. Kelly ta buɗe, ta leƙa ta saman kaina, ta ce wa uwarta ba kowa, ta rufe.

Yanzu muna unguwar Sparkhill a wani birnin daban, abokan 'ya'yana har sun ishe ni da buga ƙofa. Umma ta tsufa, har yau tana ba baƙi labarin mutanen kirkin Manchester, ta sa musu albarka, ta juyo tana jiran bakina. Nakan ce amin, don ba ni da zuciyar da zan ƙwace mata maƙwabtanta.